Aikatau masu "zich" a Holanci: inda ake ajiye wakilin suna da yadda lokuta ke juya su

Mai koyon Holanci, a Holan yake ko a yankin Flanders na arewacin Beljiyam, ba ya cika mako bai yi karo da *zich* ba. Wanda ya zo Holan da niyyar zama fiye da wata 4, doka ta ce ya yi rajista a ƙaramar hukuma cikin kwana 5, kuma kalmar da zai gani a takarda ita ce *zich inschrijven*. Likitan unguwa zai tambaye shi *hoe voelt u zich?*, ɗan sanda kuma ya ce *kunt u zich legitimeren?*, wato ya nuna katin shaida.

Littattafan nahawu suna kiran waɗannan aikatau *wederkerende werkwoorden*, aikatau da aikinsu ke komawa kan mai yi. Wannan bayanin shi ke ɓatar da Bahaushe, don da ya ji sai ya ɗauka *zich* daidai yake da "kansa", kamar a "ya cuci kansa". Wani lokaci haka ne, amma a mafi yawan aikatau da za ka buƙata kullum ba haka ba ne. *Zich vergissen* yin kuskure ne, *zich schamen* jin kunya, *zich haasten* yin sauri, *zich herinneren* tunawa. Babu "kai" ko ɗaya a Hausarsu. Saboda haka kada ka nemi ma'anar *zich* a irin waɗannan. Ka ɗauke shi wani ɓangare na aikatau ɗin, hanta da jini, ka haddace su tare.

Mataki na farko: wakilan sunan

*Zich* siffar ƙamus ce kawai. A cikin jimla yana sauyawa gwargwadon mai aikin:

ik vergis me
jij vergist je
u vergist zich
hij, zij vergist zich
wij vergissen ons
jullie vergissen je
zij vergissen zich

Siffofi huɗu ne ke nan: *me, je, ons, zich*. Wurare biyu ake tuntuɓe. Na ɗaya *jullie*, wato "ku", wanda ke ɗaukar *je* irin na tilo. Na biyu *u* na girmamawa: *u vergist zich* da *u vergist u* duk daidai ne, amma ka riƙe *zich*, domin idan tambaya ta juya jimlar, *vergist u u?* ba ya daɗin faɗa. Kalmomi irin *iedereen*, kowa, da *niemand*, ba kowa, da duk wani sunan mutum ko abu, *zich* suke ɗauka.

Wajen furuci, *me* da *je* ba a danna su, wasalinsu gajere ne ƙwarai, kuma *j* ɗin Holanci "y" ce. *Ch* na ƙarshen *zich* daga maƙogwaro yake fita, kusa da harafin خ na Larabci. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wahalarsa ba.

Kula da bambancin *hij wast zich* da *hij wast hem*. Na farko ya wanke jikinsa, na biyu wani namijin daban ya wanke. Ga *ik* da *jij* da *wij* wannan rikicin ba ya tasowa.

Mataki na biyu: raba su gida biyu

Gida na farko su ne na dole, waɗanda ba sa tsayawa ba tare da wakilin sunan ba: *zich vergissen, zich schamen, zich haasten, zich afvragen, zich gedragen, zich bemoeien, zich verslapen*. Idan ka ce *ik vergis* ka yi shiru, Baholande zai tsaya yana jiran sauran maganar.

Gida na biyu aikatau ne na yau da kullum da kan faɗa kan wani ko kan mai yi: *wassen* wankewa, *aankleden* sa tufafi, *scheren* aski, *verdedigen* karewa. Gwajin mai sauƙi ne. Cire *zich* ka sa *het kind*, yaron. *Ik was het kind* ya zauna, don haka gida na biyu ne. *Ik vergis het kind* bai zauna ba, na dole ne.

Amfanin rabon yana fitowa a kan *zelf*. Siffofin *mezelf, jezelf, zichzelf, onszelf* su ne ainihin takwarorin "kaina, kanka, kansa, kanmu", kuma gida na biyu kaɗai ke karɓar su, lokacin da ake son bambantawa: *ik was eerst de kinderen en dan mezelf*, na fara wanke yara sannan ni kaina. Da na dole kuwa kuskure ne: babu *hij vergist zichzelf*, babu *ik schaam mezelf*. Aikatau da ba a saba juya su kan mai yi ba su ma *zelf* suke so: *hij ziet zichzelf in de spiegel*, yana ganin kansa a madubi. "Juna" kuma kalmarsa daban, *elkaar*: *we kennen elkaar*, mun san juna.

Akwai 'yan kaɗan da ma'anarsu ke sauyawa idan *zich* ya shigo. *Ik herinner me je naam* na tuna sunanka ne, *ik herinner je aan de afspraak* ina tunatar da kai alƙawarin. *Bedenken* ƙirƙiro dabara ne, *zich bedenken* sauya shawara. *Zich voorstellen* ma'ana biyu gare shi: *mag ik me even voorstellen?* bari in gabatar da kaina, *ik kan het me niet voorstellen* ba zan iya kwatanta shi a raina ba. Za ka ji 'yan ƙasa da yawa suna cewa *ik besef me* da *ik irriteer me aan*. Kada ka kwaikwaye su a rubutu, masu gyara da dama suna ja musu layi. Ka rubuta *ik besef* ko *ik realiseer me*, da kuma *ik erger me aan*.

Mataki na uku: mazauninsa a jimla

Nan ne aikin yake, kuma wanda ya gane wannan ya gama da rabin lokutan tun kafin ya fara su. Wakilin sunan yana son gaban jimla. Sauran guntayen aikatau suna iya tafiya can ƙarshe, shi ba ya bin su.

A jimla miƙaƙƙiya yana zuwa nan take bayan aikatau mai sauyawa, wato wanda ke ɗauke da lokaci: *ik voel me vandaag beter*. Idan akwai mataimakin aikatau, irin *heb*, mataimakin ne mai sauyawa, don haka shi ake bi: *ik heb me gisteren in de datum vergist*, jiya na yi kuskuren kwanan wata. Dubi nisan da ke tsakanin *me* da *vergist*. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jawo shi baya a ce *ik heb gisteren me vergist*, saboda an haddace *zich vergissen* a manne.

Idan wata kalma ta buɗe jimlar, Holanci yana tilasta aikatau ya tsaya a gurbi na biyu, mai aikin ya koma bayansa. To sai wakilin sunan ya bi mai aikin: *vandaag voel ik me beter*, *vandaag voelt mijn vader zich beter*. Haka ma a tambaya: *schaam je je niet?* Wannan *je je* ba tuntuɓen alƙalami ba ne. Na farko "kai" ne, na biyu na aikatau ne, kuma dole su fito duka biyun. *Hoe voel je?* jimla ce guntuwa, cikakkiyar ita ce *hoe voel je je?*

A jimlar da ta rataya, wadda ke farawa da *omdat, dat, als, toen, of*, dukkan aikatau suna taruwa a ƙarshe, wakilin sunan kuma yana nan gaba, daf da mai aikin: *ik ben te laat omdat ik me verslapen heb*, na makara don barci ya sace ni. *Heb verslapen* da *verslapen heb* duk an yarda da su.

Korewa da *niet* kullum bayansa take: *ik voel me niet lekker*. Abu guda da ya saba shiga gabansa shi ne *het*: ana cewa *ik herinner me zijn naam niet*, amma *ik herinner het me niet*.

Aikatau masu rabuwa, irin *aankleden, inschrijven, afvragen, aanmelden*, suna jefa guntun gabansu ƙarshe, *me* ya zauna a tsakiya: *ik kleed me snel aan*, *ik vraag me af of de winkel open is*. A jimlar da ta rataya guntun yana komawa ya manne: *omdat ik me snel aankleed*.

Mataki na huɗu: lokaci mai ci

Hausa tana nuna lokaci a jikin wakilin suna, na, ina, zan, nakan, aikatau ya tsaya kusan yadda yake. Holanci a jikin aikatau yake nunawa, *me* da *zich* kuwa ba ruwansu da lokaci, ba sa sauyawa ko kaɗan.

Cire *-en* ka sami saiwa, ka gyara rubutunta don wasali ya riƙe tsawonsa: *schamen* ya ba da *schaam*, *vervelen* ya ba da *verveel*, *vergissen* ya ba da *vergis*, *verbazen* ya ba da *verbaas*. *Ik* saiwa zalla, *jij, u, hij, zij* saiwa da *t*, jam'i kuma siffar ƙamus. Saiwar da ta riga ta ƙare da *t* ba a ƙara mata: *hij haast zich*. Wadda ta ƙare da *d* ana ƙarawa ko da kunne ba ya ji: *hij meldt zich aan*.

Idan *jij* ko *je* ya koma bayan aikatau, *t* ta faɗi: *je vergist je*, amma *vergis je je?* Ga *u* ba ta faɗuwa: *vergist u zich?* Kuma a *meldt je broer zich aan?* tana nan, domin mai aikin ɗan'uwanka ne, *je* ɗin na mallaka ne.

Wannan lokacin yana da faɗi. Shi ake amfani da shi ga abin da ya faro a baya yake kuma ci gaba, tare da *al*: *ik voel me al drie dagen ziek*, kwana uku ke nan ba na jin daɗi. Nan Hausa da Holanci sun yi daidai. Wanda ya bi ta Turanci ne ke kawo shuɗaɗɗen lokaci, likita kuma ya ɗauka ciwon ya wuce.

Mataki na biyar: shuɗaɗɗun lokuta

Shuɗaɗɗe na farko, *imperfectum*, kalma guda ce: saiwa da *-te* ko *-de*, jam'i *-ten* ko *-den*. Don zaɓe, a makarantun Holan ana koyar da kalmar *'t kofschip*. Baƙaƙenta su ne t, k, f, s, ch, p. Cire *-en* daga siffar ƙamus ka dubi baƙin da ya rage a ƙarshe. In yana cikinsu, *-te*: *ik vergiste me, ik waste me*. In ba ya ciki, *-de*: *ik schaamde me, ik voelde me, ik herinnerde me*. Tarkon yana kan *z* da *v*. *Verbazen* saiwarsa *verbaas* ce a rubuce, amma baƙin asali *z* ne, don haka *ik verbaasde me*. Saiwa mai *t* ko *d* tana ninka harafin: *ik haastte me, ik meldde me aan, ik kleedde me aan*.

Wasu ba sa bin ƙa'ida, wasalinsu ke sauyawa, sai haddacewa: *zich gedragen, gedroeg, gedragen*, *zich inschrijven, schreef in, ingeschreven*, *zich verslapen, versliep, verslapen*. Akwai masu rabi da rabi: *afvragen* ya ba da *vroeg af* amma *afgevraagd*, *wassen* ya ba da *waste* amma *gewassen*.

Shuɗaɗɗe na biyu, *perfectum*, mataimaki ne da siffar gamawa, kamar *heb* da *vergist* a *ik heb me vergist*. Holanci yana da mataimaka biyu, *hebben* da *zijn*, kuma zaɓe tsakaninsu yana wahalar da masu koyo. A nan an hutar da kai: aikatau mai *zich* da *hebben* yake tafiya. Ko da akwai tafiya zuwa wani wuri, wadda a sauran aikatau ke jawo *zijn*, ƙa'idar ba ta karyewa: *ik ben naar het station gerend*, amma *ik heb me naar het station gehaast*. Za ka ji *ik ben me rot geschrokken*, na tsorata ƙwarai, kada ya ruɗe ka. *Schrikken* ba mai *zich* ba ne, salon zuzutawa ne ya kawo *me*.

Siffar gamawa ita ce *ge-* da saiwa da *t* ko *d*, bisa *'t kofschip* ɗin nan: *geschaamd, gehaast, gevoeld*. Masu rabuwa suna sa *ge* a tsakiya: *aangemeld, omgekleed*. Masu ɗafa-goshi *be-, ge-, her-, ont-, ver-, er-* ba sa ɗaukar *ge-*, kuma da yawa daga masu *zich* a nan suke: *vergist, bemoeid, herinnerd, verveeld*. *Ergeren* yana kama da su amma *er* ɗinsa na saiwa ne, don haka *ik heb me geërgerd*, da ɗigo biyu a kan *e* ta biyu.

Rashin *ge-* ɗin ne ke haifar da kuskuren rubutu da 'yan ƙasa ma ke yi. *Hij herinnert zich* da *hij heeft zich herinnerd* furucinsu ɗaya, domin Holanci yana furta *d* ta ƙarshen kalma kamar *t*. Kunne ba zai taimake ka ba. Nemi *heb, hebt, heeft, hebben* ko *had* a jimlar. In akwai, siffar gamawa ce, ka duba *imperfectum*: *herinnerde* yana da *d*, to *herinnerd*. In babu, lokaci mai ci ne, saiwa da *t*.

To wanne ake amfani da shi a ina? *Perfectum* na sanar da abin da ya faru ne, guda ɗaya, a hira: *sorry, ik heb me vergist*. *Imperfectum* na jan labari ne, da bayyana yanayi, da abin da aka saba yi a da, kuma shi ke bin *toen*: *toen ik klein was, verveelde ik me nooit*. Bahaushe yana da abin kamawa a harshensa. Mukan buɗe labari da "mun", mu ci gaba da "muka": mun makara yau da safe, muka sa kaya a gurguje, muka garzaya tasha. Holanci ma yakan buɗe da ɗaya ya ci gaba da ɗayan: *we hebben ons vanochtend verslapen, we kleedden ons snel aan en haastten ons naar de bushalte*. Ba a ko'ina suka dace ba, amma a ba da labari dabarar tana aiki.

Ga abin da ya riga wani abu faruwa, mayar da *heb* zuwa *had*: *toen ik aankwam, had zij zich al aangemeld*. Shi ne kuma na "da... da": *als ik me had gehaast, had ik de trein gehaald*, da na yi sauri da na sami jirgin ƙasan.

Mataki na shida: mai zuwa, mataimaka da umarni

Lokaci mai zuwa ba shi da wuya. Mafi yawa lokaci mai ci ne da kalmar lokaci: *morgen schrijf ik me in*. *Gaan* na niyya ne, *ik ga me omkleden*. *Zullen* yana ɗauke da alƙawari, *ik zal me gedragen*, ko zato, *je zult je wel vergist hebben*, da alama kuskure ka yi.

Da *moeten, kunnen, willen, mogen* tsarin bai sauya ba: *ik wil me ziek melden*, ina son sanar da wurin aiki ba ni da lafiya. Idan ka kai irin wannan jimla *perfectum*, siffar gamawa tana ɓacewa, siffofin ƙamus biyu su jeru a ƙarshe: *ik heb me moeten haasten*, *ik heb me niet kunnen concentreren*. Babu *gemoeten* a nan.

Da *te*, wakilin sunan yana bin mutumin da ake nufi, ba ya komawa *zich* don kawai aikatau yana siffar ƙamus: *ik probeer me te concentreren*, *vergeet niet je in te schrijven*. Masu rabuwa suna buɗewa *te* ya shiga tsakiya, kalma uku a rubuce. Aikin da ake tsakiyar yi kuma *ik ben me aan het aankleden*, inda *ben* na "ina cikin yi" ne, ba na shuɗaɗɗe ba.

Umarni ga aboki saiwa ce da *je*: *haast je*, *maak je geen zorgen*. Na girmamawa hanya biyu ce, za ka gan su a asibiti da ofisoshi: *meld u bij de balie* ko *meldt u zich bij de balie*. A ta farko *u* na aikatau ne, shi ya sa babu *t*. A ta biyu *u* mai aikin ne, *t* ta dawo. *Meld zich* babu shi.

Ga wanda ya iya Faransanci

Mutanen Nijar, Kamaru da Chadi suna shigowa da riba, don sun san *je me trompe*, ba sa mamakin wakilin sunan da ba shi da ma'ana. Amma ribar tana da tarko uku. Faransanci yana sa shi gaban aikatau, Holanci baya. Faransanci yana cewa *je me suis trompé* da *être*, Holanci *ik heb me vergist*. Na uku ya fi cin mutane: jerin aikatau ɗin ba ɗaya ba ne. Tashi daga barci, zama, yawo, aure, hutawa da faɗin suna duk masu *se* ne a Faransanci, amma a Holanci *opstaan, gaan zitten, wandelen, trouwen, uitrusten, heten* ba su da *zich*. Gaɓoɓin jiki ma mallaka suke ɗauka kamar a Hausa: *ik was mijn handen*, ina wanke hannuwana.

Ƙananan kalmomin da ke biye da su

Da yawa suna da ƙaramar kalma tabbatacciya: *zich schamen voor, zich ergeren aan, zich verheugen op, zich bemoeien met, zich vergissen in, zich zorgen maken over*. Babu dabarar gano ta, a haddace ta da aikatau. Idan abin da ake magana a kai ba mutum ba ne kuma an riga an ambace shi, *er* ke maye gurbinsa, bayan wakilin sunan: *ik verheug me erop*, ina ɗokinsa. *Niet* yana raba su, *met* kuma ya koma *mee*: *bemoei je er niet mee*, kada ka sa baki. Bayan *bij* ma siffofin nan ake sawa: *ik heb mijn paspoort bij me*, *hij heeft geen geld bij zich*.

Wajen atisaye, kada ka rubuta *vergissen* shi kaɗai a littafinka. Rubuta *zich vergissen in, vergiste, heeft zich vergist*. Sannan ɗauki aikatau guda a rana ka bi da shi ta jimla biyar da babbar murya: miƙaƙƙiya, mai farawa da *gisteren*, tambaya da *je je*, mai *omdat*, da mai *moeten*. Fara da marasa rabuwa irin *zich voelen* da *zich schamen*, sai bakinka ya saba kafin ka shiga *zich aanmelden* da *zich afvragen*. Tun da dokar Holan ta *inburgering*, wato shigar baƙi cikin al'umma, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, matakin da ake son yawancin masu koyo su kai shi ne B1, wato matsakaicin mataki na iya harshe, kuma a wannan matakin ana sa ran ka rubuta saƙo mai *omdat* da *dat* a ciki, don haka jimla ta huɗu ita ce za ka fi maimaitawa.